Faɗin Tafin Hannu a Hancin Eski

Esquel, 14 ga Nuwamba

Zuwa ga 'yata Rayén,

Gaisuwa mai yawa daga gidan da kika sani, tare da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Oriol da jikata Laia. Allah ya tsare min ku daga sanyin da ke tunkaro ku can Andorra, ya ba gwiwarki sauƙi duk ranar da hadari ya haɗo, ya raya yarinyar nan ya sa ta fi uwarta jin magana, ko da yake na san wannan addu'ar sai an dage da ita. Ni dai lafiyata ƙalau, in ban da kafaɗar dama da ke yi min ƙorafi da safe, sai na lallashe ta da ruwan ɗumi take yarda mu fita aiki.

A nan dusar ƙanƙara ta narke, saura ɗan fari-fari a can ƙololuwar dutse. An rufe wasan zamiya a kan dutse tun watan jiya, baƙi sun watse, gari ya koma namu mu kaɗai da iska. Furannin nan masu ruwan ɗorawa sun cika bakin hanyar Trevelin, irin waɗanda mahaifiyarki ke sa ni tsayar da mota don ta tsinka. Gwaggonki Delfina tana zuwa duk Lahadi da tukunyar miya da kuma faɗa, ta buɗe firiji ta ce in wannan shi ne abincina gara in koma cin kakin da nake shafa wa allunan zamiya a shago. Karenmu Carbón ya tsufa, ba ya ko haushin mai kawo wasiƙa. Abin da na kasa sabawa da shi shi ne shan shayinmu na mate ni kaɗai, shi da aka saba zagayawa da shi a ƙoƙo ɗaya. In na shanye nawa sai in sake cika ƙoƙon da ruwan zafi in miƙa wajen hagu, inda kujerar mahaifiyarki Nélida take. Wata bakwai ke nan da rasuwarta, amma har yau hannun nan bai ji labari ba. Kaɗaici yana damuna, 'yata, ba zan ɓoye miki ba.

Saƙonki ya shigo wayata ranar Talata ina share shago. Layi uku ne kacal. Kin ce an ba Laia eski, allunan zamiya a kan ƙanƙara, na wata 'yar maƙwabta da ta girme su, ƙarfen gefensu ya yi tsatsa ya dakushe, yarinyar kuma ta matsa sai ta ɗaura su a ƙafa ta zamo daga kan tudu da zarar dusa ta sauka. Kin ce kina so ki wasa su da kanki a gida, in faɗa miki yadda ake yi daki-daki. Na karanta ya fi sau ashirin. Shekara goma sha biyu ke nan kalmar eski ba ta shiga tsakanina da ke ba, ko a waya ko ido da ido. Yatsuna sun yi kauri da yawa ga madannan wayar nan, shi ya sa na ɗauko takarda da biro.

To, ga yadda za ki yi. Kada ki taɓa allon da sanyinsa. Ki shigo da shi ɗaki ya bushe ya sha ɗumi, sannan ki ɗaure birkinsa da roba don kada ya tare miki hanya. In ba ki da abin matse shi a kan tebur, ki sa Oriol ya riƙe miki, ai ba a rasa amfanin siriki. Ki fara bin ƙarfen gefen da yatsa a hankali daga hanci zuwa wutsiya. Duk inda dutse ya taɓa bugunsa za ki ji wurin ya yi tauri ya ɗan tashi. Magagari ba ya cin irin wannan wurin, sai dai ya zame ya lalata haƙoransa, don haka ki fara kwantar da shi da dutsen wasa mai kaushi da ɗan ruwa. Daga nan ki shafe ƙarfen duka da baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, ki ɗora magagarin a kan ɗan ƙarfen nan da ke riƙe shi a karkace. Karkatar digiri ɗaya ta ishi 'yar shekara biyar, ba gasa za ta shiga ba. Ki riƙa ja daga hanci zuwa wutsiya, gajere-gajere, kowane ja ya hau kan rabin na bayansa, kuma hanya ɗaya kawai. Ba itace kike yankawa ba, kada in ji kin yi gaba kin yi baya. Da zarar baƙin ya tafi, ki tsaya. Ƙarfen da aka cire ba ya dawowa, kuma yawancin allunan da ake kawo min a mace ba dutse ne ya kashe su ba, ƙwazon masu su ne.

Ɓangaren ƙarfen da ke kallon ƙasa kuwa, kada magagari ya kusance shi, dutse mai laushi kawai za ki bi da shi sau biyu. Bayan wasawa za ki ji wani siririn gashin ƙarfe ya tsaya a bakin, mai kama fata. Jahilai suna jin sa su ce kaifi ne, alhali shi ne ke sa allo ya riƙa rawa a ƙafa. Ki share shi da dutsen nan mai laushi. Sai ki gwada da bayan farcen babban yatsa: in ya kankaro ɗan farin gari ba tare da kin danna ba, ya yi. Batun kaki kuma, ki samu tsohon dutsen guga wanda ba za ki sake sa wa tufafi ba, ki ɗiga kakin a ƙasan allon, ki baza shi ba tare da kin tsayar da hannu ba. In ya yi hayaƙi, zafin ya yi yawa. Ki bar shi ya huce sarai, ki kankare, ki bi da burushi har sai ya yi sheƙi. Shi kuma Oriol da ke hawa allo guda a karkace kamar ƙaguwa, aikin duk ɗaya ne, sai dai nasa gefe biyu ne maimakon huɗu, wato ko a nan ma ya nemo hanyar sauƙi.

Akwai mataki ɗaya kafin kakin, na tsallake shi da gangan. Da na iso kansa ajiye biron na yi, na fita na zagaya gida sau biyu, Carbón yana bina da ido. Matakin shi ne dakushe hanci da wutsiya. Bayan an gama wasa gefen duka, sai a ɗauki dutsen roba, wato dutsen wasan nan mai taushi kamar roba, a kashe kaifin daidai faɗin tafin hannu a gaba, da faɗin tafin hannu a baya. In ba a yi haka ba, hancin zai cafki ƙanƙara kafin mai shi ya shirya juyawa, allon ya tafi inda ya ga dama, gwiwa kuma ta biya. Na san ba sai na gaya miki wannan ba. Amma tunda mun iso nan, ki yi haƙuri ki karanta sauran har ƙarshe, don yau ba zan sake zagaye maganar ba.

Kin tuna jajibirin tseren nan, kina 'yar shekara sha bakwai. An yi ruwa da rana sannan sanyi ya sauko, kowa ya san gobe dutsen zai zama gilashi. Eski tara na yaran ƙungiya na gyara a ranar, naki ne na ƙarshe. Kin tsaya a bakin ƙofar shago kin harɗe hannu kin ce ina gyara miki allo kamar na tsohuwa mai zuwa kasuwa, na yi dariya na ce in kin ci kofi sai ki zo ki koya min sana'ata. Na jingine su na tafi kai wa kawunki Ceferino itace. Washegari a sanda ta sha ɗaya cikin waɗanda kuke kewayewa a tseren, hancin allonki na dama ya cafki ƙanƙara kika faɗi, ina tsaye a ƙasa ina kallo. A barandar asibiti kocinku Emrys ya zo ya tsaya kusa da ni, yatsansa naɗe da hankici. Ya ce ya shafa allon ne ya yanke shi, kaifi har hanci kamar reza. Bai ɗaga murya ba, ya dai ce, "Eladio, mantawa ka yi?" Na tuna na dakushe takwas, na tara kuwa na kasa ganin hannuna a kansa. Na yi shiru, shirun nan kuma ya zama amsa a gari duka.

Tun daga ranar ban sake karɓar allon ɗan tsere ba, sai na 'yan haya da na baƙi masu zuwa ɗaukar hoto. Ko su ɗin ma sai na shafa hancinsu sau uku kafin in miƙa. Na tambayi mahaifiyarki ina allunanki, ta ce ta zubar, ni kuma na ji daɗin hakan. Aka yi miki aiki sau biyu a gwiwa, kika daina hawa dutse, kika daina shiga shago, kika daina kallona a ido. Na ce a raina haƙƙinki ne, wane ne zai so kallon wanda ya karya masa ƙafa? Da kika cika sha tara kika tafi, na kai ki tashar mota muka yi maganar yanayi. In kin bugo waya, ni da ke lafiya lau ce kawai, sai in miƙa wa Nélida. Ko da kika zo jana'izarta a Afrilu kika yi kwana huɗu, na lura ta lambu kike zagayawa don kada ki bi ta ƙofar shago. Laia kuma kin bar ta can, har yau a hoto kawai na san fuskar jikata. Ban taɓa jin haushinki a kan wannan ba, na ɗauka hukuncina ne nake ci.

To, ranar Laraba kawunki ya shigo gari sayen maganin tumaki, ya biyo shan mate. Ni kuma baki ya ƙi rufuwa, na nuna masa saƙonki har sau biyu, ina cewa ga shi 'yata ta tambaye ni maganar magagari. Kin san Ceferino, ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, kullum sai ya ce ƙanwarsa ta auri mutumin da ya fi son ƙarfe da mutane. Amma ranar sai ya mayar min da ƙoƙon bai ko shanye ba, ya ce yana da uzuri. Washegari da hantsi sai ga motarsa, ya sauko da wani dogon abu naɗe cikin bargon nan mai ratsin ja da muka daɗe muna nema. Ya ajiye a kan teburin aikina ya cire hula. Ya ce Nélida ce ta kai masa su sati biyu bayan faɗuwarki, ta sa ya ɓoye su a rufin rumbun ulu, ta ce kada ya ba ni sai ranar da yarinyar da kanta ta tambayi ubanta wani abu game da aikin nan. Ya tambaye ta dalili, sai ta ce masa, "Na rantse mata ba zan faɗa ba. Amma ƙarfe bai rantse wa kowa ba."

Allunanki ne, 'yata, shuɗayen nan. Mahaifiyarki, wadda a shekara talatin da huɗu ba ta taɓa riƙe magagari ba, ta lulluɓe gefensu da kaki mai kauri, yadda ta ga ina yi wa allunan da za a ajiye har wata shekara don kada tsatsa ta ci su. Sai a lokacin na gane abin da ya sami dutsen gugarta da ta ce min ya ƙone. Na kankare kakin, ya yi rawaya ya bushe, ƙarfen kuwa ya fito fes kamar jiya aka wasa shi. Na ɗauko gilashin nan na masu gyaran agogo na bi gefen. Tsakiyar aikina ne, sumul, don ni ba na barin sawun magagari, sai na goge shi da dutse. Da na iso faɗin tafin hannu na gaba sai ga sawun magagari ɗanye, ba a bi shi da komai ba. Kuma ya kwanta ne wajen hagu, nawa kuwa wajen dama yake kwanciya. Can ƙarshen hancin, inda magagarin bai kai ba, ga ɗan ragowar dakushewar da na yi tana nan, faɗin farce. Ashe ban manta ba. A garin nan kaf bahaguwa ɗaya ce ta iya jan magagari haka, kuma ni na koya mata tun tana 'yar sha ɗaya, ina tsaye gabanta muna fuskantar juna don hannunta ya kwaikwayi nawa. Abin haushin ma, aikin ya yi kyau, layin ya miƙe ba inda hannu ya yi rawa.

Ba zan yi miki ƙarya ba, na yi fushi. Kwana uku ban buɗe shago ba. Na tafi maƙabarta da rana tsaka na tsaya a kan Nélida na yi mata faɗan da ban taɓa yi mata ba tana raye, har mai shara ya ajiye tsintsiya yana kallona. Na ce mata shekara sha biyu tana gani ina shafa hancin allunan mutane kamar mai taɓin hankali, tana zuba min mate, ba ta ce uffan ba. Na je wurin kawunki ma da sauran fushin, ya bar ni na gama sannan ya tambaye ni sau nawa na taɓa zaunar da ke na tambaye ki abin da ya faru. Ya ce ni da ke kamar an tsaga kara, kowa ya rungume laifi ya shige ɗaki ya kulle, ƙanwarsa ce ta ƙare rayuwarta tana kai saƙo tsakanin ƙofofi biyu. Na ce masa ya je ya ji da tumakinsa, amma a hanyar dawowa sai da na tsayar da mota a gefen titi.

Abin da na gani a gefen titin nan shi ne yarinya 'yar sha bakwai kwance da ƙafa a ɗaure, tana jin ana cewa ubanta ne ya manta. Ranar farko ta kasa magana saboda ciwo, ta biyu saboda tsoro, kuma duk ranar da ta wuce maganar sai ta ƙara nauyi. Ni na ɗauka ba kya kallona ne don kin tsane ni, ashe kunya ce ta kore ki har wata nahiya. Sannan na tuna nawa kason. Na koya miki wasawa duka, amma matakin ƙarshen nan ban taɓa barin ki yi ba, ban kuma taɓa gaya miki amfaninsa ba. In kin tambaya sai in ce wannan na tsofaffi ne, in karɓi allon in juya miki baya. Ke da kika shafa kika ji hancin a dakushe, me zai hana ki ɗauka tsoron tsoho ne kawai? Gaskiyar ita ce kin kusa fin ni iyawa, ni kuma ina so a bar min abu ɗaya da zai sa ki riƙa dawowa wurina. Wannan rowar ce ta kai ki inda kike, ta bar ni da kare da kujera. Don haka ba na neman ki ba ni haƙuri, in ma za a bayar to sai dai mu yi musaya.

Ɗazu kuma na sake karanta saƙonki, sai na yi dariya ni kaɗai a shago. Ga shi na cika shafi biyu ina koya wa wa jan magagari? Wadda ta fitar da layin nan tana 'yar sha bakwai ba ta buƙatar a gaya mata daga hanci ake farawa. Kin san komai a ciki, in ban da abu ɗaya, kuma shi kika zo tambaya. Ƙofar shago kika ƙwanƙwasa, 'yata, na ji, ko da yake sai da na yi sati kafin in gane.

Na Laia kada ki jira kowa, ki dakushe su yau, faɗin tafinki ba nata ba, gaba da baya, duka gefe huɗun. Naki kuwa na goge su na yi musu sabon kaki, amma hancin ban taɓa ba, yana nan yadda kika bar shi. Suna jingine a bayan ƙofar shago. Dusa tana sauko mana a ƙarshen Yuni, ku kuma a lokacin makaranta tana hutu. Ki zo da yarinyar nan in ga ko bahaguwa ce. Ba na cewa ki hau dutse, ko da wasa. Ina so dai ki shigo ta ƙofar gaba, ki tsaya a wancan gefen tebur, in ba ki dutsen roba a hannu in nuna miki abin da na hana ki. Ke ki kashe kaifin na hagu, ni in kashe na dama. Aikin minti biyu ne.

Ki gaishe min da Oriol, ki ce masa wasa nake yi, ƙaguwa ma halittar Allah ce. Ki gaishe da surukarki Montserrat, ki yi mata godiyar katin ta'aziyyar da ta aiko, ban samu na amsa ba. Ki sumbaci Laia a goshi ki ce mata kakanta yana da kare mai barci da kuma aljihu mai alewa. Gwaggonki Delfina tana gaishe ki, ta ce ki aiko hoton da kike ciki ke ma, ba na yarinyar kaɗai ba. Kawunki Ceferino da matarsa Elvira suna gaisuwa, ya ce in gaya miki rumbunsa ya huta da ajiya. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Kujerar hagu tana nan ban matsar da ita ba, kuma in na miƙa ƙoƙon, ta wannan gefen ne ya fi miki sauƙin karɓa.

Ni ne mahaifinki mai jiran Yuli,
Eladio